Bargon Darakta

Shekara goma sha ɗaya mijina yana tuƙa wani darakta a wata ma'aikata a Garki. Da mutumin ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya zo da direbansa, ɗan garinsu, aka sallami mijina. Na ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ga kuɗin sallama a hannu, a nemi 'yar mota ta hannu a shiga kabu-kabu kamar kowa. Ya ce zai yi shawara. Da kawunsa ya yi shawarar, ba da ni ba. Sakamakonta ya iso ƙofar gidanmu wata Talata da la'asar, yana tafe da ƙafa huɗu yana kaɗa wutsiya, ya tsaya daidai inda nake shanya ya yi kashi.

Tsohon dokin folo ne, ja mai farin goshi, wanda masu shi suka gama more shi suka sayar. Tun a ranar na raɗa masa suna Darakta, don ni ban ga abin da ya canza ba. Da asuba mijina zai tashi ya wanke shi, ya goge shi, ya kai masa abin kari, ya tsaya yana jiran ya gama. Da can ma haka yake yi wa mota da mai motar. Bambancin kawai, wancan daraktan yana biyan albashi, wannan kuwa sai ci da harbin iska.

Kawun nan ƙanen mahaifiyar mijina ne. Ya tsufa a bargar 'yan folo, yana share kashin dawaki yana ɗaura musu sirdi, har ƙafafunsa suka gwame. Kullum da safe sai ya tako daga inda yake zaune ya zo. Zai wuce ni a bakin ƙofa, ya je ya shafa wuyan doki, ya duba kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa baki, sannan ya juyo ya ce, "'Yar nan, kin tashi lafiya?" Ban taɓa yafe masa wannan jerin ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in yafe ba.

Sana'ar da suka tsara ita ce hawan yara. Akwai wani lambun shaƙatawa da iyaye ke kai 'ya'yansu Asabar da Lahadi, a ɗora yaro a kan doki a zaga da shi, a ɗauki hoto, a biya. Dawaki uku kaɗai aka yarda su tsaya a ciki, kuma masu son wurin sun fi a ƙirga. Kawu ne ya yi ta zarya har aka ba mijina gurbi na uku. Matar da ke kula da lambun, wata doguwa 'yar Filato mai tabarau, ta gindaya masa sharaɗi tun ranar farko, shi ya zo yana maimaita mini da muryarta:

"Oga, ni ba na son dogon sitori. Doki ba ta zo sati biyu, ko ba ta zo ranar biki, zan ba wani wurinka. Ka ji ko?"

Wannan gurbin shi ne duk abin da mijina ya mallaka a Abuja. Na san haka sarai. A can ne kawai ake kiransa oga, bayan shekara goma sha ɗaya yana buɗe wa wani ƙofa.

A bayan Apo muke haya, ɗaki biyu da 'yar baranda inda na kafa keken ɗinkina. Mai gidan, wani dattijo Bagwari manomin doya, ya ba mijina da kawunsa gefen rumbunsa suka kafa rumfar kwano. Kwanon tsoho ne, da an fara ruwa sai ya koma rariya. Ruwan Abuja kuwa kowa ya san shi, ba ya zuwa da wasa. Kawu ya ce tsohon doki in ruwa ya dake shi ya kwana da sanyi, tari zai kama shi, in kuma tari ya kama shi sai yadda Allah ya yi. Don haka duk damina da bargo dokin ke kwana, da shi yake wuni in ba a wurin aiki yake ba, saboda ruwa da ƙudaje.

Bargon tare da dokin ya zo. Kore ne, ko in ce ya taɓa zama kore. Samansa tamfol mai kauri, cikinsa shafi mai laushi, ga maɗaurai biyu a ƙirji, biyu a ƙarƙashin ciki. Ya ga duniya fiye da mai shi. Mijina ya taɓa zuwa wani shago a cikin gari don ya tambayi kuɗin sabo. Ya dawo ya sha ruwa kofi biyu, sai can ya ce abin da suka faɗa ya isa a saya mini sabon keke mai wuta. Daga nan idanunsu, shi da kawunsa, suka sauka a kaina.

Ni tela ce ta mata. A hannun wata ƙawar mahaifiyata na koya, mace mai zafin hannu da ba ta duba gaban riga sai ta fara juya ta. In ta ga zare ɗaya ya leƙo inda ido zai gani, reza take miƙo miki ki farke duka. A wurinta na koyi cewa ɗinki abin ɓoyewa ne, kamar ƙullin zane. Da wannan tarbiyyar na samu matan ma'aikata suna tako ƙafa daga Eriya Wan da Eriya Ten har bayan Apo, suna ɗage leshinsu daga taɓo, don su kawo mini ɗinki. Ni ce yanzu za a mayar mai yi wa dabba maho.

Na yi, ba don ina so ba. Maɗauri ya tsinke, na ɗinke. Kalmasar gefe ta warware, na mayar. Mijina yana zuwa wurin masu gyaran kujerun mota a cikin kanikawan Apo ya roƙo ragowar tamfol da fata, in yanka in lika inda ya huje. Allura uku na karya kafin na haƙura da keke na koma basilla. Gashin doki ya shige cikin keken ya cushe, sai da na kwance shi na busa na zuba mai. Yatsuna suka yi kanta. Wankin bargon ma da dokarsa: ba a sa omo, wai yana cinye abin da ke hana ruwa shiga, sai buroshi da ruwan sanyi da ɗan sabulun salo, a shanya a inuwa, a bi kan kowane ɗinki da kyandir. Kawu yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, ni ina durƙushe ina dirza. Ko kayan mijina ban taɓa wankewa ana tsaye a kaina ba.

Abin da ya ƙarasa ɓata mini rai wata kwastoma ce, matar wani babba, da ta zo karɓar kayanta. Ta ɗaga rigar, ta yaba, sannan ta kai ta hanci. Ta sake kaiwa. Ta tambaye ni cikin murmushi ko mun fara kiwo ne. Ta biya, ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Da na gaya wa mijina, cewa ya yi in riƙa turara kayan mutane. Na dube shi, na ji da ina da ƙarfin ɗaga keken da na jefa masa.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah dokin ya sosa jiki da ginshiƙin rumfa, bargon ya maƙale a ƙusa, ya fizga. Yagewar ta fi kamu biyu, tun daga tamfol har shafi, kuma a daidai doron kafaɗa, inda gaban sirdi ke zama. Duk wanda ya san tela ya san yadda take a irin wannan lokacin. Kaya sun taru har kan gado, kowace mace tana ganin nata ne kaɗai a duniya, wuta tana zuwa tana tafiya. A cikin wannan hali mijina ya shigo rungume da abin nan mai wari, ya tsaya a kaina yana murmushin roƙo. Na ce ya kai wa masu kujerun mota. Ya ce sun ƙi, wai zai ɓata musu keke. Wato nasu keken yana da daraja. Na faɗi maganganu da yawa a ranar, har da cewa da ya auri dokin tun farko da kowa ya huta. Ya ajiye bargon ya fita.

Kawu yana shirin tafiya ƙauye duba gonarsa, zai yi mako guda da 'yan kwanaki. Kafin ya wuce ya leƙo baranda, ya ɗaga bargon, ya zura hannu ta yagewar.

"'Yar nan," ya ce, "wannan wurin ba kamar sauran ba ne. Ɗinkin da ƙullin duka su koma bai. Kin ji? Bai."

"Na ji, Kawu."

"Bai fa."

Na ce na ji, ban ɗago kai ba. A bakin tsofaffi irinsa, bai shi ne waje, kamar yadda ake cewa ciki da bai. A bakin tela kuwa, bayan yadi shi ne ɓangaren da ba a gani, wanda ke manne da jiki, inda muke tura kowane ƙulli. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa a nan aka samu saɓani, shi ya faɗi nasa, ni na ji nawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Na ga yadda ya shafa saman tamfol ɗin lokacin da yake maganar. Na zaɓi in ji shi yadda ya yi mini daɗi ne, don ban ga ranar da mai share barga zai koya mini inda ake sa ƙulli ba.

Na yi niyyar in yi aikin da ba za a sake kawo mini shi ba. Akwai wani zaren roba mai ƙarfi da na taɓa sayowa a kasuwar kifi ta Kado, irin wanda masunta ke gyaran koma da shi. Na yanka maho daga tamfol, na lanƙwasa bakinsa ciki, na haɗa leɓɓan yagewar na tura su ƙasa, na bi da basilla sau biyu. Shi zaren roba ƙullinsa ba ya zama sai an ƙona bakinsa, don haka duk inda na tsaya sai na kyasta ashana na taɓa, ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwar shinkafa. Irin waɗannan sun kai goma sha biyar, duk a ciki. Da na juya bargon na shimfiɗa shi, sai ka kawo ido kusa kafin ka gane inda ya yage. Mijina ya yi ta juya shi yana sa mini albarka, ya ce ko Turawan da suka yi shi sai haka. Na ce ya kwashe mini shi daga nan.

An yi ruwa kusan kullum a makon. Dokin yana cikin bargon dare da rana, bargon kuwa ya jiƙe ya yi nauyi, duk motsin da ya yi sai ya goga. A kwana na uku mijina ya ce gashi ya ɗan zube a doron Darakta, ya ce ƙila ƙudaje ne. A kwana na biyar fata ta saluɓe. Shi direba ne, iliminsa na doki bai wuce wata bakwai ba. Ya je cikin kanikawa wani ya ce masa ai baƙin mai shi ne maganin ƙuda a ciwon dabba. Ya kawo a gora ya shafa, sannan ya mayar da bargon ya ƙara ɗaure maɗauran tamau don kada ƙuda ya samu hanya. Ranar Asabar ya ninka tsumma a ƙarƙashin sirdi ya lallaɓa aka yi aiki. Ranar Lahadi dokin ya ƙi tsayawa a ɗaura masa, sai da aka riƙe shi.

A cikin kwanakin ne wata safiya rana ta ɗan fito, mijina ya shanya bargon a kan katanga ya tafi neman harawa. Na fito zubar da ruwa. Ban san abin da ya kai hannuna ba, na zura shi ta ciki na shafa. Ƙullayen suna nan a jere, sun kama gashi ja da wani abu mai danƙo. Na ja bayan hannuna a kansu sau ɗaya, ya bar mini farin layi a fata.

Aikin minti ashirin ne. Reza, in farke, in juya, in rufe da tsohon zane mai laushi. Na tsaya a wurin riƙe da bokiti ina kallon dokin, shi ma yana kallona yana tauna. Na tuna matar nan da hancinta. Na tuna cewa in na farke, sai na faɗi dalili, kuma tsohon nan zai ji, zai kuma riƙa ba da labarin har ya mutu. Na ce a raina bayan Sallah na gyara. Na koma ciki na ci gaba da haɗa hannun rigar wata. Da mijina ya dawo ya ɗauki bargon ya mayar, ina jin ƙarar ƙarfen maɗauran daga baranda.

Ana gobe jajibere kawu ya dawo. Kamar kullum ya wuce ni ya nufi rumfa. Ban ji salati ba, ban ji komai ba, shirun ne ma ya sa na tsayar da keke. Can sai ga shi riƙe da bargon a juye. Ya zo ya shimfiɗa shi a kan teburina, a kan leshin mutane, ya ɗora yatsa a kan ƙullayen yana bin su ɗaya ɗaya.

Na ce ya ɗauke mini ƙazanta daga kan kayan mutane. Ya ce sai na duba. Na ce na ga aikina, kuma babu telar da za ta yi wanda ya fi shi a garin nan. Ya ce shi bai ce ba kyau ba.

"Mutum in riga ta ci shi, tuɓewa yake ya faɗa miki," ya ce. "Wannan wa zai faɗa wa? Na ce miki bai."

Na ce ai baya ya ce, kuma a baya na sa. Na ce in yana da Hausar da ta fi wannan ya riƙa yi da dawaki, su suka saba da ita. Na ce shekara nawa yana wannan aikin, me ya tara ban da warin barga, da har zai jawo ɗan 'yar'uwarsa cikinsa. Na faɗi wannan ga tsoho mai furfura, a gaban mai gidanmu da ya fito yana ba da haƙuri da tasa Hausar, yana cewa, "Madam, ka yi sannu, babanka ne." Mijina yana tsaye a bakin baranda hannunsa duk baƙin mai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka sallame shi.

Ciwon ya kai faɗin tafin hannu, ya yi ruwa, ya fara zurfi. Kawu ya wanke baƙin man da ruwan ɗumi da gishiri, aka kira mai maganin dabbobi ya yi allura. Dukansu bakinsu ɗaya: sirdi ba zai hau bayan nan ba sai bayan wata guda, in an yi sa'a.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi mijina ya tafi lambun da ƙafa, ba doki, sanye da sabuwar shaddar da na ɗinka masa. Ya je roƙo ne. Matar ta saurare shi, ta ce ta ji tausayi, amma yara sun cika lambu, kuma akwai wani a bakin get da farin doki tun safe. Yana tsaye aka shigo da farin dokin aka ɗaure shi a turkensa. Ya dawo kafin azahar. Naman da maƙwabta suka aiko yana nan a rufe, bai taɓa ba.

Da yamma ina share baranda ya zo ya tsaya. Bai ɗaga murya ba.

"Ranar da na shanya bargon a katanga, na dawo na ga an juya bakinsa. Ke ce?"

Na ce ni tela ce ta mutane, ba ta dabbobi ba, kuma tun farko na faɗa.

Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, na faɗa.

Dokin ya warke bayan mako shida, farin gashi ya fito a wurin. Kawu ne ya farke ɗinkina da kansa, ya sake yi da zaren buhu, manyan ɗinki a waje kamar an ɗinke bakin buhun gawayi. Da wannan munin dokin ya ƙarasa damina lafiya lau. Amma gurbi ya tafi. Sun zaga lambuna uku ko huɗu, ko'ina a cike. Doki kuwa ba ya daina ci don ba ya aiki. Kafin kaka wani mutum daga hanyar Keffi ya zo ya saye shi, har da bargon. Kawu ya daina zuwa gidanmu, ni ma ban aika a gaishe shi ba.

Yanzu mijina yana tuƙa motar wani gidan burodi. Yana fita da wuri, yana dawowa a kan lokaci, ƙarshen wata ana biyansa. Barandata ba ta wari, kwastomomina sun ƙaru. Duk wanda ya tambaye ni ina cewa gara haka, kuma in aka bi ta lissafin hankali gara hakan ne. Ba ya yi mini faɗa. Ba ya tayar da maganar.

Watanni bayan haka ina ninke wanki na ɗauko wata rigarsa ta aiki. Aljihun ya taɓa yagewa an ɗinke shi, da zaren da bai dace da launin ba, layin a karkace, irin aikin telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa. Na duba sauran. Wando ɗaya an sa masa sabon zif, wata riga an canza mata maɓalli biyu. Babu hannuna a ko ɗaya. Kekena yana nan taku uku daga inda yake rataye kayansa.

Na jira ya gama cin abinci na ajiye masa rigar a gabansa, na tambaye shi wane makaho ne ya yi wannan, kuma me ya hana a ba ni. Ya ɗauka ya duba aljihun kamar yau ya fara ganinsa, ya ninke ta da kyau ya ajiye a gefensa. Ya ce wani ne a bakin gidan burodin, kuma ba ya son ya riƙa ɗora mini wahala.

Damina huɗu ke nan. Ko maɓalli bai sake ba ni ba.